Rumbun Wa? Tsokaci Kan Ra'ayoyin Yau da Kullum Game da Waya, Ajiyar Bayanai da Ƙirƙirarriyar Basira a Kambaza da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Garin Kambaza yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, wato a ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ya karantar, ya yi talifi, har Allah ya karɓi ransa a shekarar 1829. Ƙasa ce da ta san darajar takarda da tawada tun da daɗewa, ta kuma san yadda ake naɗe littafi a tadarishi, a cusa shi a gafaka, a rataye shi inda gara da danshi ba za su kai gare shi ba. A yau wannan ƙasa, daga Gwandu zuwa Kalgo, ta sami sabuwar gafaka, wato wayar hannu. A cikinta ake ajiye karatun tafsiri da wa'azi, da waƙoƙin makaɗan fada da na noma, da hotunan biki da suna, da saƙonnin murya da ke ɗauke da lissafin bashi tsakanin manomin albasa da dillalinsa.

Duk inda aka taru, a majalisar dattawa ko a rumfar mai caji ko a harabar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, akan ji ra'ayoyi iri uku suna yawo. Na farko shi ne abin da ke cikin katin ajiya, wanda aka fi sani da memori, ya fi aminci tun da yana hannun mai shi. Na biyu kishiyar na farko ne, wato duk abin da ya hau intanet ya tsira har abada. Na uku kuwa ya shafi ƙirƙirarriyar basira: wasu na ganin na'ura ba ta kuskure, wasu kuma na ganin ba ta da abin faɗi sai shirme. Masu ilimin zamani sun saba kallon irin waɗannan maganganu a matsayin hirar majalisa kawai. Wannan maƙala tana ganin cewa a ƙarƙashin kowanne daga cikinsu akwai tambaya mai nauyi da ta shafi makomar harshen Hausa da adabinsa, kuma ƙasar Gwandu tana da tsofaffin ma'aunai da za a iya auna su da su. Tambayar ita ce: abin da al'umma ta tara, a rumbun wa yake, wa ke riƙe da mabuɗinsa, kuma daga bakin wa na'ura ta ɗauki abin da take faɗi?

2.0 Ra'ayi na Farko: Abin da ke Hannu Shi ne Naka

Wanda ya fifita katin ajiya yana da hujjoji masu ƙarfi, kuma rayuwa ce ta koya masa su. Kati ba ya buƙatar data, ba ya jiran sabis, ba ya tambayar kalmar sirri. A rumfunan masu tura waƙoƙi da finafinai, da ɗan kuɗi kaɗan ake cika wa mutum kati da karatun watan azumi gaba ɗaya, ya kuma tura wa maƙwabcinsa ta Bluetooth ko Xender ba tare da ya kashe ko sisi ba. Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan hujja sai ta ƙara ƙarfi. Haka kuma mutanen Kebbi ba su manta da abin da ya sami maƙwabtansu ba a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina saboda matsalar tsaro. A waɗannan makonni, wanda abinsa ke cikin kati ya ci gaba da sauraro, wanda nasa ke intanet kuwa ya zama mai rumbu a ƙetaren kogi ba kwalekwale.

Sai dai kati yana da aibin da ba a gani da ido. Bayanan da ke cikinsa ana riƙe su ne ta hanyar ɗan cajin lantarki da aka tsare a ƙananan gurabe, kuma wannan caji yana zurarewa sannu a hankali, musamman a wuri mai zafi. Kowane gurbi yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai iya ɗauka kafin ya gaji. Daɗin daɗawa, kasuwa cike take da jabun katuna masu nuna girman da ba su da shi, inda sabon abu kan hau kan tsoho ya shafe shi ba tare da mai kati ya ankara ba. Takardar da gara ta fara ci tana nuna alama, kuma abin da ya rage a jikinta yana karantuwa. Kati kuwa yakan mutu farat ɗaya, ya tafi da komai.

Littattafan Malam Abdullahi irin su Tazyinul Waraƙat, wanda ya haɗa a shekarar 1813, da tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, ba ƙarfin takarda ne kaɗai ya kawo su wannan zamani ba. Abin da ya kawo su shi ne al'adar kwafa. Ɗalibi ya kwafa daga malaminsa, wani ya kwafa daga ɗalibin, har kwafi ya bazu daga Gwandu zuwa Sakkwato da Kano da Ilori da wasu garuruwa. In gobara ta cinye na wani gida, na wani gida yana nan. Ke nan darasin magabata shi ne yawaita kwafi da rarraba su. Mai kati ɗaya tilo ya riƙe rabin wannan hikima, wato mallaka, ya saki rabin da ya fi muhimmanci.

3.0 Ra'ayi na Biyu: Abin da ya Hau Intanet Ba Ya Ɓata

Wannan ra'ayi ya fi yawa a tsakanin matasa da ɗalibai, kuma wani ɓangare na laifinsa yana wuyan kalmar da aka zaɓa. An fassara sunan wannan nau'in ajiya kai tsaye daga Ingilishi aka ce "gajimare". A tunanin Bahaushe, gajimare abu ne na sama, ba shi da mai shi, ba a biyan kuɗinsa, ba a kulle shi. Haƙiƙanin abin kuwa gine-gine ne maƙare da kwamfutoci, masu shan lantarki da ruwan sanyaya, mallakar kamfanoni, mafi yawansu a Amurka da Turai da Asiya. Ko waɗanda ke Nijeriya, akasarin manyansu a Legas suke. Da an kira abin "rumbun haya" ko "rumbun nesa", da manomin Kambaza ya fahimce shi nan take, domin ya san cewa mai ba da hayar rumbu yana iya ƙara kuɗi, yana iya sauya sharaɗi, yana kuma iya rushe rumbun.

Duk waɗannan sun riga sun faru. A ranar 1 ga Yunin 2021 kamfanin Google ya kawo ƙarshen ajiyar hotuna kyauta mara iyaka, ya mayar da kowa cikin gigabait 15 da yake bayarwa. Daga watan Disamban 2023 ya fara aiki da ƙa'idar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. A shekarar 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa miliyoyin waƙoƙin da jama'a suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta yayin sauya na'urorin ajiya. A watan Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan, suka durƙusar da hidimominsa na intanet na tsawon watanni, alhali wannan ɗaki ne ke riƙe da hotunan ɗimbin rubuce-rubucen hannu na Afirka ta Yamma. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na sadarwa suka rikice a Nijeriya. In gemun irin waɗannan ya kama wuta, mai ƙaramar waya a ƙauye ya kamata ya shafa wa nasa ruwa.

Akwai kuma ruɗanin da ya shafi WhatsApp. Mutane da yawa suna ɗauka cewa saƙonninsu suna ajiye a wurin kamfanin. Alhali da zarar saƙo ya isa ga wanda aka aika wa, a cikin wayoyin mutanen biyu yake zaune, sai fa in mutum ya kunna ajiyar kwafi da kansa. In waya ta faɗa rijiya ko aka sace ta a kasuwa, hirar shekaru ta tafi ke nan. Haka nan layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin sadarwa yakan karɓe shi ya sayar wa wani, sai saƙonnin banki da mabuɗin shiga asusu su koma hannun baƙo.

Wannan batu yana da nauyi a shari'a da zamantakewa. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya yi umarni da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. A yau ciniki da yawa, na albasa da shinkafa da dabbobi, a saƙon murya ake ƙulla shi. In mai waya ya rasu, wayarsa na kulle da lambar da shi kaɗai ya sani, magada ba su san abin da ake binsa ba, ba su san abin da yake bi ba. Rabon gado yakan tsaya, zumunci yakan yi tsami. Wannan matsala ce da ta cancanci malaman fiƙihu da alƙalai da masana harshe su zauna a kanta tare.

4.0 Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

Tsakanin ra'ayoyin biyu akwai wani zargi da dattawa suka fi yi, cewa waya tana da kunne, kuma duk wanda ya ba ka abu kyauta yana da abin da yake nema. Akan yi wa wannan zargi dariya a ce ƙauyanci ne. Amma hukumomin Nijeriya da kansu sun gaskata wani ɓangare nasa. A watan Yulin 2024 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 bisa yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun da ke sauraron ƙorafi kan hukuncin hukumar ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. Kamfanonin da ke ba da hidima kyauta da talla suke rayuwa, tallar kuma da bayanan masu amfani da hidimar ake saita ta: inda mutum yake, da wa yake hulɗa, me ya tsaya ya kalla. Dattijon da ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa ya taƙaita tsarin cinikin gaba ɗaya a jimla guda.

Tun daga watan Disamban 2020, lokacin da gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, mutumin karkara ya miƙa hoton yatsunsa da fuskarsa da ranar haihuwarsa, sau da yawa ta hannun wani yaro mai kwamfuta a bakin kasuwa, ba tare da an karanta masa sharaɗi ko ɗaya da harshensa ba. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma bai wa ɗan ƙasa ikon sanin abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a goge, da janye yardar da ya bayar. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai haƙƙin da mai shi bai taɓa jin labarinsa da harshen da yake ji ba, kusan daidai yake da haƙƙin da babu shi.

A nan ma harshe yana da ta cewa. Kalmar "data" a bakin Bahaushe tana nufin abin da ake saya a hau intanet da shi, wanda yakan ƙare. In aka ce masa ana kare masa data, zai ɗauka ana nufin kada ta yi saurin ƙarewa. In kuwa aka rubuta sanarwar ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, "kare bayanai" da "ƙare bayanai" sai su zama abu ɗaya a ido, alhali ɗaya tsarewa ne, ɗaya hallakarwa. Wannan aiki ne na masana Hausa tsantsa, ba wanda zai yi musu shi.

5.0 Ra'ayi na Uku: Na'ura da Matsalar Isnadi

Tun da aka saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta shiga bakin jama'a, yanzu kuma har cikin WhatsApp ana cin karo da ita. Ɗalibi yana tambayar ta ma'anar karin magana, wani yana tambayar ta hukuncin addini, wani maganin ciwo. Masu cewa ba ta kuskure da masu cewa shirme take yi duk sun kauce wa yadda take aiki. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace, sannan take jera amsa bisa wannan ƙiyasi. Inda rubutu ya yawaita a kan wani batu, amsarta takan yi kyau ƙwarai. Inda ya ƙaranta, takan cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiyar da ita. Tarihin garuruwa irin su Kambaza, da salsalar sarautunsu, da baitocin makaɗansu, suna cikin abubuwan da rubutu ya ƙaranta a kansu a intanet. Saboda haka a nan ne haɗarin ƙage ya fi yawa, a nan ne kuma mai tambaya ba shi da abin da zai gwada amsar da shi.

Ƙasar Gwandu tana da ma'auni na musamman a kan wannan. Malam Abdullahi ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Masu kwafar littattafai ma sukan rufe aikinsu da ambaton sunan wanda ya kwafa da wanda aka kwafa dominsa. Manufar ita ce duk maganar ilimi ta kasance tana da wanda za a tuhuma in ta karkace. A zauren karatu, tambayar farko da ake yi wa baƙon malami ita ce a wurin wa ya yi karatu. Wannan tambaya ce ya kamata a koya wa kowane ɗalibi ya yi wa na'ura. Amsar da ba ta nuna tushenta ba, ko ta nuna tushen da aka bincika ba a same shi ba, matsayinta matsayin jita-jita ne komai daɗin tsarinta.

Ita kanta kalmar "basira" tana buƙatar a sake duba ta. A Hausa, kamar a Larabcin da aka aro ta, basira gani ne na zuci, wanda ke rarrabe gaskiya da ƙarya. Laƙaba wa na'ura wannan suna ya ba ta rawanin da ba ta kai gare shi ba, ya kuma ƙarfafa zaton cewa ba ta kuskure. Suna irin "kwaikwayon basira" ya fi kusa da bayyana aikinta. Ko da an makara wajen sauya sunan da kafafen yaɗa labarai suka riga suka yayata, bai kamata a makara wajen bayyana iyakarsa a aji da littattafan makaranta ba.

Za a iya cewa wannan tsanantawa ce, domin na'urar tana taimakon wanda ba ya jin Ingilishi ya karanta takardar asibiti ko ta banki, tana kuma buɗe wa ɗalibin karkara ƙofar da a da sai ɗan birni. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Manhajar fassara ta Google ta shigar da Hausa tun watan Disamban 2013, kuma jama'a da dama sun amfana. Abin da ake nema shi ne a san wurin da za a dogara da ita da wurin da za a tsaya a tambayi mutum. Fassarar saƙon gaisuwa daban, fatawar saki ko adadin maganin da za a bai wa jariri daban. Haka kuma tun da yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura, saƙon murya da aka jingina wa wani malami ko basarake ba ya zama hujja don kawai muryar ta yi kama da tasa.

6.0 Hausar Wa Na'ura Take Koya?

Hausar da ke intanet mafi yawanta daga kafafen labarai take, irin su sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da DW da RFI, da jaridu irin su Aminiya, da Wikipedia, da hirarrakin shafukan sada zumunta. Kusan dukkanta daidaitacciyar Hausa ce wadda aka gina a kan karin Kananci, wani kaso mai yawa kuma fassara ce daga Ingilishi. Mutumin Kambaza kuwa "shina" yake cewa a maimakon "yana", da "munka tahi" a maimakon "muka tafi", da "wanga" a maimakon "wannan", da "hwara" a maimakon "fara". Da wannan karin harshe na yamma aka rera kaso mai tsoka na waƙoƙin fada da na maza, da shi kuma aka rubuta waƙoƙin wa'azi da yawa na ƙarni na 19 cikin ajami. Na'urar da ba ta ji shi ba za ta ɗauke shi a matsayin kuskure ta gyara shi, yaron da ya tashi da ita kuma zai koyi jin kunyar harshen kakarsa.

Akwai wata barazana ta biyu. Yayin da ake cika intanet da Hausar da na'ura ta fassara, sabbin na'urori daga wannan Hausar za su koya. Jimla mai ƙashin Ingilishi da fatar Hausa za ta haifi irinta, har kunne ya saba da ita. Ƙoƙarin da ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP suke yi na tattara Hausar da mutane suka rubuta da kansu, da shirin Common Voice na tattara muryoyi, da manhajar N-ATLAS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Satumban 2025 domin Hausa da Yarbanci da Ibo, duk matakai ne masu kyau. Amma masu ilimin kwamfuta ba za su san bambancin Kabanci da Zamfarci da Arauci ba sai masana harshe sun zauna tare da su.

A nan wani zai ce tattara muryoyin jama'a a miƙa wa masu gina na'ura wata sabuwar hanya ce ta kwashe dukiyar talaka kyauta. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne tattarawar ta kasance a hannun cibiyoyin gida, da yardar masu muryoyin bayan an yi musu bayani da harshensu, da rubutaccen sharaɗi kan wanda zai yi amfani da ita da kuma ribar da za ta koma wa al'umma. Ƙin tattarawa gaba ɗaya ba zai tsare karin harshen ba, zai dai sa a gina gobe ba tare da shi ba.

7.0 Abin da ya Rataya a Wuyan Masana

Mataki na farko daga cikin gida zai fara. Kowace shekara ɗaliban digiri na sassan Hausa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da sauran manyan makarantun wannan yanki, suna shiga ƙauyuka su naɗi hira da tsofaffi, da makaɗa, da masu sana'o'in gargajiya. Da zarar an kare kundi, muryoyin sukan ci gaba da zama a wayar ɗalibi har ranar da ta lalace, alhali wasu daga cikin waɗanda aka naɗa sun riga mu gidan gaskiya. Ya kamata kowane sashe ya wajabta miƙa ainihin muryoyin tare da kundi, da bayanin wanda ya yi magana, da wuri, da rana, da shaidar yardarsa. Wannan shi ne isnadin wannan zamani.

Na biyu, a bi ƙa'idar da masana ajiya suka yarda da ita, wadda ta yi daidai da al'adar magabata: kwafi uku, a kan nau'o'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani gari dabam. Abin da ya faru a Tumbuktu a watan Janairun 2013 ya isa misali. An ƙona rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan taskar garin ta tsira saboda an riga an kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako. Cibiyoyi irin su Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, tare da jami'o'in da ke Kalgo da Aliero da kuma Masarautar Gwandu, suna iya yin yarjejeniyar riƙe wa juna kwafi. Littattafan da ke gidajen malamai a ɗauki hotonsu a inda suke, a bar wa masu su asalinsu tare da kwafin hoton.

Na uku, a fassara muhimman sassan Dokar Kare Bayanai zuwa Hausa mai sauƙi, a karanta ta a gidajen rediyo, domin rediyo da saƙon murya sun fi takarda isa ga jama'ar karkara. Na huɗu, a zauna a daidaita kalmomin wannan fage kamar yadda aka yi wa kalmomin nazarin harshe da adabi a baya, a kuma saurari sunayen da masu gyaran waya da masu caji suka riga suka raɗa, domin sau da yawa nasu ya fi na ofis kama bakin jama'a. Na biyar, masu rumfunan tura waƙoƙi, waɗanda a aikace su ne ma'ajin adabin baka na wannan zamani, a jawo su a jiki. A kwamfutocinsu akwai tsofaffin waƙoƙi da karatuttukan da aka juyo daga kaset, waɗanda wataƙila babu su a ɗakin karatun kowace jami'a.

8.0 Kammalawa

Ra'ayoyin da ake ji a Kambaza da Gwandu da Kalgo kowanne ya kama wani gefe na gaskiya. Mai kati ya gane muhimmancin mallaka, mai intanet ya gane muhimmancin ajiya a nesa, dattijo mai zargi ya gane cewa kyauta tana da farashi, mai shakkar na'ura kuma ya gane cewa magana ba tushe ba ta zama ilimi. Aikin masana shi ne su haɗa waɗannan gefuna, su mayar wa jama'a da su cikin harshen da suke ji. Manomin wannan ƙasa ba ya zuba irin shukarsa a rumbu ɗaya da hatsin ci, ba ya kuma bai wa wanda bai sani ba ajiyar mabuɗi. Muryoyin tsofaffi, da karin harshen yamma, da takardun da ke cikin gafakar malamai su ne irin da za a shuka gobe. Kowace damina tana tafiya da wasu daga cikin masu riƙe da su, kowace bazara kuma zafi yana cin wasu katunan. Sassan Hausa suna da ɗalibai, suna da ƙwarewa, suna kuma da amincewar jama'a, saboda haka babu dalilin da zai sa aikin ya wuce wannan zangon karatu ba a fara shi ba.